Igiya a Ƙugun Mai Hoto

A Zongo ba a san ni da gaskiya ba. Ba maƙaryaci ba ne ni, gishiri ne yake mini yawa a labari. Shekaru na yi ina tuƙa zemijan, babur ɗin haya, da 'yar rigata ruwan ɗorawa, kuma ba fasinjan da ya taɓa sauka bai tafi da labarin abin da bai faru ba. Lakwal kuwa, makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba, malamin ya ce wa babana bencin da nake zama a kai ya fi ni ɗaukar karatu. To irin wannan mutum ne Allah ya ƙaddara shi kaɗai zai tsaya shaida ranar da aka yi gardamar ko za a sallaci taubashina ko a bar shi.

Taubashin nawa ɗan gwaggona ne, mai hoto. Shagonsa na nan bayan masu ɗinki, kuma a da ba amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu, ba mai neman kardante, katin shaidar ɗan ƙasa, da bai zauna a kan kujerarsa ya miƙe wuya ba. Ni ina ce masa ɓarawon fuska, shi yana ce mini buhun iska. Haka muka tsufa. Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoton kansa, shagon ya koma wurin shan shayi.

Ɗa guda Allah ya ba shi. Yaron ya yi lakwal mai zurfi, kuma can ya kwaso wata cuta, son kiɗan wani Bature da ya mutu tun kakannin kakanninmu ba su sauko kudu da goro ba. Sunan Baturen bai taɓa zama a bakina ba, in na kama kan sai wutsiyar ta kufce. Wai shi ba ya riƙe goge ba ya riƙe ganga, zama yake ya rubuta kiɗa a takarda kamar mai rubuta laya, wasu su kaɗa. Na saurari kaset ɗin. Goge ne kamar na gari guda aka tara, ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba a ambaci kakan kowa ba. Na ce wa yaron, to wa zai yi liƙi? Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Kowace damina akwai ranar da yaron yake zagayewa da jan biro a kalandar shago. Ranar haihuwar makaɗin ce, aniberser, in ji shi. Sai ya sayo lemo ya ƙure rikoda. Mu da ba mu san ranar haihuwar kanmu ba, ga mu muna shan lemon haihuwar gawa. Akwai wani wuri a kiɗan da komai yake yin shiru kamar an ɗauke wuta, sai kuma duk gogen su taso gaba ɗaya su faɗo a kanka. Nan yake ɗaga yatsa ya ce, "Baba, ka ji? Teku ce ta fusata. Wata rana ka ɗauko mini hoton raƙumin ruwan da ya yi daidai da nan, mu ba mutumin tukuicin aniberser ɗinsa."

Uban ya ce, "Ni da teku sai dai a ji a salansa."

Gaskiyarsa. Mu 'yan Zongo mutanen tudu ne. A bakin teku aka haife mu amma baya muka ba ta, fuskarmu na kallon kasuwa da tashar motocin arewa.

Aiki ya ƙi samuwa, yaron ya bi wasu samari a kwalekwalen da ke zuwa Gabon. Kwalekwalen bai isa ba. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya iya cewa ga ranar da abin ya faru. Uwarsa ba ta ga damina ta gaba ba.

Ranar da jan biron ya zagayo, taubashina ya zo ƙofar gidana da sassafe cikin farar rigarsa ta Juma'a, kyamara a wuya, rikoda a hammata, faifan masa a hannu.

"Buhun iska, ta da babur."

"Ina muka nufa? Ɗaurin aure ba goro?"

"Bakin teku."

Muka haye gada muka yi gabas, hanyar Sèmè, muka ratse inda teku ke cin gidajen mutane. Wanda bai ga wurin ba ba zai gane ba. Ɗakuna ne a tsage gida biyu, tayil ɗin banɗaki na kallon sama, matakala ta hau ba ta isa ko'ina ba. Sama baƙi ƙirin, iska na watsa mana gishiri a ido. Raƙuman ruwa suna tasowa launin toka, su yi tsaye kamar katanga, su faɗi, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafarka.

Ya raba wa masunta masar, sadaka ga yaron. Ya ba ni rikoda a cikin leda ya ce in danna. Ya tattare riga ya nufi ruwa. Ba wanda ya iya iyo a cikinmu. Abin da na iya shi ne ɗaurin rago, don na sha kai ragunan layya gidajen mutane a bayan babur. Na kwance igiyar kaya na ɗaura masa a ƙugu, na naɗe ɗaya bakin a hannuna, na kafe dugadugai a yashi.

"Ka ga yau na samu ragon da ya fi ni hankali," na ce.

Ya shiga. Yana tsaye ruwa iya gwiwa, ido a kyamara, kunne a wajen rikoda, yana jiran wurin nan da gogen ke faɗowa. Teku kuwa ba ta san da wani kiɗa ba. In kiɗa ya taso, ita ta kwanta. In ta taso, kaset ya ƙare sai an juya. Muka koma gida jiƙe sharkaf. Ya wanke hoto guda, ya cire na wata amarya a bango ya manna shi.

Haka muka riƙa yi kowace damina. Amare suna sauka daga bango, ruwa yana hawa. Kullum sai ya daɗe yana kallon sabon hoton, ya ce, "Bai kai ba."

A wata shekarar ne ruwa ya zarce inda muka saba, ya share faifan masar tun ba a raba ba, ya tafi da shi. Kuma ranar akwai ɗan unguwarmu a wurin, dillalin tumaki, ya kawo wa masu bautar ruwa farin rago. Su ma fararen kaya suke sawa, su ma abinci suke kai wa teku. Abin da idonsa ya gani shi ne tsoho cikin fararen kaya, an ɗaure shi da igiya an tura cikin ruwa, kiɗa na tashi, teku ta karɓi masa. Kafin mu iso Zongo labarin ya riga mu. Wai mai hoto ya ba aljanar ruwa ɗansa, yanzu kowace shekara yana zuwa sabunta alkawari.

Masu shan shayi suka daina zuwa shago. A masallaci sai ka ga gurbi a damansa da hagunsa, sai ni, ni kuma an ce ai kuɗin mai yake ba ni. Na ce masa ya fito ya yi wa mutane bayani.

Ya ce, "In ce musu me? In ce ba aljana nake bauta wa ba, bikin haihuwa nake yi wa mataccen Nasara? Wanne ya fi sauƙin haɗiya?"

"To ka bari mana."

"Kai kana da kabarin da kake zuwa. Ni ranar nan kaɗai yaron ya bar mini. Abu guda nake tsoro. Kada in mutu a ja ni kamar mushe. Ka tsaya mini a yi mini salla."

Na ce, "Ka zaɓi mashaidi, wallahi. Ni da ko na ce gari ya waye sai an leƙa waje."

Daminar bara teku ta yi fushin da ban taɓa gani ba. Masunta duk sun janye jiragensu can tudu, wani tsohonsu yana ta yi mana ihu da yarensu yana nuna mu koma. Taubashina ya shiga. Kiɗa ya yi shirun nan nasa, kuma a karon farko teku ta yi shiru tare da shi, ruwan ya ja baya har na ga yashin da ban taɓa gani ba. Ɗan tudu ya ga ruwa ya janye, sai ya bi shi, ya ƙara taku gaba. Gogen suka taso, katangar ta taso. Na ga farar riga, sai ban gan ta ba.

Igiyar ta yanka mini tafin hannu, har yau tabon na nan. Na faɗi zaune ina ja ina salati, masunta suka kama mini. Muka fito da shi yana aman ruwa, hannunsa a sama riƙe da kyamara, kamar ita ce ba ta iya iyo ba.

Hoton ya fito. Ni ban ga komai a cikinsa ba sai toka-toka da fari, kamar an watsa wa gilashi kunu. Shi kuwa ya dube shi daga kan tabarmar jinya ya ce, "Wannan ya kai." Ruwan da ya shiga ƙirjinsa bai fita ba. Tari ya riƙe shi, aka kai shi lopital, asibiti, aka dawo, kafin damina ta ɗauke ya cika, da hantsi, kalmar shahada a bakinsa. Ni na ji, ni kaɗai.

Ni da ladan muka yi masa wanka muka sa shi a likkafani. Aka ajiye makara a ƙofar masallaci. Mutane sun taru, amma nesa-nesa, kowa hannu a baya kamar masu kallon haɗarin mota. Liman ya fito, dattijo ne mai sanyin magana. Dillalin tumaki ya riga kowa.

"Allah gafarta Malam, a bincika tukuna. Ni da idona na gani."

Na ce, "Kai me ya kai ka bakin tekun?"

"Ciniki."

"Ragon da ka kai musu, aƙiƙa suka yi da shi?"

Wasu suka murmusa, liman ya ɗaga hannu. Ya ce da ni, "Kai ne ka riƙa kai shi. Faɗi abin da ka sani, ka tuna gawa ce a gabanka."

Na faɗa. Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Na faɗi yaron da kwalekwalen, na faɗi jan biro, na faɗi Baturen da ke rubuta kiɗa kamar laya, da hoton da ake nema a ba shi tukuicin ranar haihuwarsa. Ina cikin magana ina jin yadda take fita, kuma wallahi duk ƙaryar da na taɓa shararawa a kan babur ta fi wannan kama da gaskiya. Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya ce, "Yau kuma da wannan ka zo?" Wani ya ce to ko hakan ne, me ya haɗa Musulmi da maulidin kafiri.

Liman ya ce, "Sunan makaɗin?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Aka sake dariya.

Liman ya ce, "Bar shi. Ka taɓa ganin ya yi wa ruwan sujada?"

"Allah gafarta Malam, in azahar ta same mu can, a kan yashi yake salla, ya dubi gabas, teku na bayan kafaɗarsa tana ta haukanta, ko waiwaye ba ya yi."

"Ka rantse?"

Na rantse. Ya daɗe yana kallona. Tun ina yaro a gabansa ya san ni, ya san rantsuwata ta sha araha a tasha. Sannan ya gyara rawaninsa ya ce mu zahiri aka ba mu, abin da ke zuci na Mai shi ne. Ya matsa gaban makara ya ce a yi sahu.

Sahu ɗaya aka samu, shi ma bai kai bango ba. Sauran suka tuna suna da shaguna. Ina kallonsu suna sulalewa, mutanen da hotunan aurensu, da na sunan 'ya'yansu, da na kardanten da ke aljihunsu a wannan lokacin, duk hannunsa ne. Muka yi kabbara huɗu. Wajen ɗaukar makara hannu ya yi ƙaranci, ni da gwiwata mai ciwo na kama kusurwa guda ban samu mai karɓata ba har mota. Amma an sallace shi. Abin da ya roƙa ke nan, bai ce a cika titi ba.

Mai gidan ya karɓi shagonsa, yanzu kayan waya ake sayarwa. Hotunan ruwan da rikoda da kalandar suna ɗakina, ba wanda ya yi gardamar gadonsu.

Bana da ranar ta zagayo na ce ba inda za ni. Hantsi bai yi ba na tsinci kaina a kan gada, rikoda a leda, masa a bayan babur. Ban iya kyamara ba, da waya na ɗauka, rabin hoton babban yatsana ne. Ba mai riƙe mini igiya, sai na ɗaura ta a ginshiƙin wani rusasshen gida na ɗaura ɗaya bakin a ƙuguna, na tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu, don ni tsorona da sauransa. Na danna kiɗan. Har yanzu ban ji daɗinsa ba. Na dai ce wa Baturen barka da shekara, na yi wa taubashina da ɗansa addu'a.

Da na dawo 'yata ta tare ni a zaure ta ce, "Baba, an fara magana a kanka fa." Ranar Juma'a na lura da gurbin, dama da hagu. Bayan salla na tsaya wa liman na ce, Allah gafarta Malam, taubashina ya samu buhun iska ya tsaya masa, ni wa zai tsaya mini? Ya ce in yi addu'a Allah ya sa shi ya riga dillalin tumaki jin labarin mutuwata. Liman kuwa ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun azumi yake tari.