Sandar Kawu Lawal

Wata Juma'a bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu, Kawu Lawal ya naɗa ni sarauta a saman benen gidanmu na unguwar Gubaira a Riyad. Ba rawani, ba taro. Sandar mofar goge ƙasa ya cire wa kai ya miƙo mini, ina tsaye tsakanin tankin ruwa da igiyar da aka shanya naman layya, yaran gida suna leƙe. Ya ce sunan muƙamin shrievalty, wata tsohuwar kalmar Turanci ta kujerar mutumin da ke zartar da hukuncin alƙali a gunduma, wadda Turawan ma sun bar wa littafi. Muka lanƙwasa ta zuwa shiribalti, ta zauna haka.

Kawu Lawal ba ɗan'uwanmu na jini ba ne. Malamin Turanci ne a Katsina kafin neman abinci ya mai da shi direban wani gida a unguwar Al-Murabba, kuma a ɗakin da ke ƙasan namu yake kwana. Bakinmu ne ya tsaya masa a rai. Mu haihuwar Riyad da Larabci muke wasa, da shi muke rigima kan ƙwallo a lungu, Hausa kuwa sai in ana yi mana faɗa muke jin ta. Sai ya kafa doka: daga la'asar ɗin Juma'a zuwa magariba, saman bene Hausa zalla. Wanda Larabci ya suɓuce masa, shi zai wanke kofunan shayi har da buta. Aikina in buga sanda a ƙasa in kira sunan mai laifi. In gardama ta tashi yakan ce, "Duk kalmar da kakarka ta sani, Hausa ce." Iƙama, wato takardar zama, da kafil, uban gidan da ke tsaya wa baƙo, ya yafe su, wai wahala ce da ba mu taho da sunanta daga gida ba.

Na riƙe muƙamin nan da zafin sabon ma'aikaci. Ƙanwata Hadiza ta wanke kofuna har ta daina gaishe ni. Amma a nan saman muka koyi langa, muka ji tatsuniya, muka gane ashe ana iya yin dariya da Hausa. Manya dai ban taɓa gwada sandata a kansu ba, ba kuma wanda ya ce in gwada.

Wata Juma'a da sanyi, ana zaune kan darduma a saman benen, Kawu ya shaida wa Baba cewa kafil ɗinsa ba zai sabunta masa iƙama ba, gida zai koma. Baba ya shiga lissafa mutanen da za a je a gani. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Kalas, Alhaji. Kalas." Wato shi ke nan, amma da Larabci tsantsa. Ban san lokacin da sandar ta sauka ba. Na kira sunansa cikakke, yadda ya koya mini.

Kallon da Baba ya yi mini ya isa in san me ke jira na a ƙasa. Ni kuwa abin da nake tsoro daban ne: kada a yi dariya, a nuna mana dokar tun farko wasan yara ce. Kawu ya dube ni, ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya tattara kofunan. "Rabu da shi, Alhaji," in ji shi. "Hukuma ta yi magana." Ya tsuguna a bakin famfo yana wankewa a tsanake, ruwan sanyi na zuba a ƙafarsa. Hadiza, da ta fi kowa sanin aikin, ta je ta riƙe masa butar.

Bai kai azumi ba ya tafi. Dokar ta ɗan yi numfashi bayansa, sannan ta mutu ba wanda ya sanar.

Yanzu a unguwar Utaiqa nake, a ginin da mai shi ya sa wa ƙofar sama kwaɗo. Ina yi wa 'ya'yana Hausa, suna ba ni amsa da Larabci cikin ladabi. Kwanaki na duba kalmar nan shrievalty a waya, na same ta da alamar cewa an daina amfani da ita, ban kuwa yi musu ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ni nake wanke kofuna, ba tare da kowa ya kira sunana ba.