Naman da Maitama ya ci a ƙasar ƙanƙara

Mijina Maitama ma'aikacin jinya ne, kuma kafin ya tafi Kanada lafiyarsa ƙalau. Shekara goma sha ɗaya muna zaune a Gaithersburg, ya je asibiti, ya dawo ya ci tuwo kamar kowa. Sai aikin shekara biyu ya kai shi wani ƙauyen 'yan ƙabilar Dene can ƙuryar arewacin Kanada. Mutanen garin ba su kai ɗari uku ba, mota ba ta zuwa sai tafki ya daskare ta bi ta kansa, sauran shekara kuwa sai ƙaramin jirgin sama.

A can, in ji shi, wanda ya harbo dabba ba shi kaɗai ke cinta ba. Gida-gida ake bi ana ajiye nama, ba sallama, ba godiya. Wani tsohon maharbi mai suna Modeste ya ɗauki Maitama kamar ɗansa. Duk mako sai ya tarar da tsoka a bakin ƙofa, ta wani irin gwanki nasu mai girman raƙumi. Ya yi bisimilla ya ci shekara biyu cur, shi kuwa ko ƙashi bai taɓa ajiye wa kowa ba. Ranar da zai taho, tsohon ya ba shi busasshen allon kafaɗar gwanki, wanda maharba ke goga wa itace don dabbar ta zaci 'yar'uwarta ce ta fito. Ya ce masa, “Wata rana mu ma ka ciyar da mu.”

Ni na san tsokana tsohon yake yi. Maitama kuwa ya ɗauki maganar kamar wasiyya.

Bayan gidanmu bareyi ne ke shigowa suna cinye mini rama. Sai ga Maitama kullum da la'asar, da hular sanyi a tsakiyar Yuli, yana goga ƙashi a jikin bishiya.

Na ce, “Abban Zahra, in ta fito da me za ka kama ta?”

Ya ce, “Ki bari ta fito tukuna.”

Ba barewa ce ta fito ba, 'yan sanda ne, maƙwabciyarmu ta kira su. Ya tsaya yana yi musu bayanin Modeste dalla-dalla, ga barewa can bayansu tana ƙarasa ramata. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Da farauta ta gagara, sai ya koma kan layya. Muka yanka rago a wata gona a Manassas, na kwana uku ina kilishi a tanda, ya aika ta gidan waya. Bayan mako bakwai ƙunshin ya dawo mana, kilishin ya yi kore. Shekara ta biyu ƙunshin ya isa filin jirgin ƙauyen, karnukan da ke jan keken ƙanƙara suka riga kowa sanin zuwansa, suka cinye.

A shekara ta uku 'yar Modeste ta bugo waya, ta ce tsohon ya kwanta, ba ya fita. Daga ranar Maitama ya daina cin nama. In na zuba masa sai ya tsame ya ture gefe, ya ce kunya ce ke hana shi haɗiyewa. A nan dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni. Na sake yin kilishin, ya ɗauki hutu, ya hau jirgi uku da ƙunshin a cinya.

Yadda aka yi a can, shi ya ba ni labari ta waya. Ya tarar da tsohon a kan gado, ɗaki cike da mutane suna shan shayi. Modeste ya gutsiri kilishi, yaji ya sa shi tari har da hawaye. Da ya farfaɗo sai ya ce, “Kai ka kashe shi?”

“Ni na yanka, Baba.”

“Kwana nawa ka yi kana bin sawunsa?”

Maitama bai iya ƙarya ba. Ya ce, “A ɗaure na same shi.”

Tsohon ya fassara wa jama'a da harshensu, ɗakin ya kece da dariya, shi kansa ya yi ta yi har sai da aka tallafe shi. 'Yarsa ta ce rabonsa da dariya tun farkon sanyi. Aka yayyanka kilishin, aka bi gida hamsin da shi, kowa ya samu kamar ɗan yatsa.

Na ce, “Alhamdulillahi, ka sauke nauyi. Sai ka dawo gida.”

Sai na ji yana jan hanci. Na tsorata, na ce ko tsohon ne ya cika.

Ya ce, “Yana nan da ransa. Rumasa'u, yanzu na buɗe ƙofa. Cinyar gwanki guda suka ajiye mini, ta fi ragon namu duka girma.”