Jirgin da Ya Ɗauki Ɗanƙarami

Suma'ila baduku ne a unguwar Birni, cikin Damagaram. Jaka, takalmi, kube, duk abin da fata za ta iya zama hannunsa na yi. Bai taɓa ganin teku ba, iyakar ruwan da ya sani tafkin bayan gari ne idan damina ta yi albarka. Amma zauna a rumfarsa ka ji. Ba za ka tashi ba sai ya ba ka labarin jiragen ruwan da suka yi jigilar sojoji a yaƙin duniya na biyu: wane ne mai bututun hayaƙi biyu, wane ke yada zango a Dakar, wane aka nutsar. Abokan sana'a har sun laƙaba masa Kapitan, kuma yana amsawa.

Masu yi masa dariya ba su san abin da ya ɗora shi a kan hanyar ba. Mahaifiyarsa Hajara ta haura tamanin ba ta taɓa ganin ubanta ba. Tana cikin uwarta aka ɗebi samarin ƙauyen Droum aikin sojan Faransa, aka loda su a kamyo, babbar motar kaya, sai bakin teku, har da uban nata, wanda kowa ke kira Ɗanƙarami. Wasu sun dawo, shi shiru. Bakin mutane kuwa ba ya zama banza, sai aka ce ai Baturiya ya samu a can ya manta da gida. Uwarta Delu ta gaji da habaici a bakin rijiya, ta goya jaririyarta ta dawo birni wurin wanta. Ba ta yi takaba ba, ba ta yarda an yi sadaka ba, ta ce ba a yi wa mai rai makoki. Haka Hajara ta girma, ta tsufa, da tambaya guda a maƙogwaro: mutuwa ya yi, ko yar da su ya yi?

Ranar da ƙafa ta fara gagararta ta kira ɗanta. "Suma'ila, ba na son in tarar da shi can ina riƙe da shi a zuci, alhali ko ba shi da laifi. Ka bincika mini."

Suma'ila bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, don haka ya raɓi maƙwabcinsa Mushe Mahamud, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, Mushe kuwa laƙabin malaman boko ne daga Faransanci. Duk la'asar sai su haɗa kai a kan waya guda, ɗaya na karanta Faransanci, ɗaya na zuba shayi. Sun bi jirage ɗaya bayan ɗaya, sun kalli hotunan samari cunkushe a kan bene da jajayen huluna, Suma'ila na ƙura wa kowace fuska ido ko zai ga hancin gidansu. A ƙarshe Mushe ya cire tabarau ya ce, "Kapitan, Nasara bai san Ɗanƙarami ba. Sunan yanka yake rubutawa. Mene ne sunan kakan naka?"

Nan gizo ke saƙar. Delu macen zamanin da ce, mai kunya ta gaske. Har ta koma ga Allah sunan mijinta bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "shi" ko "mutumin". Hajara kuwa da sunan kawunta aka yi mata takardu. Suma'ila ya hau babur ya je Droum, ya tarar tsofaffin da suka san zancen duk ƙasa ta rufe su. Ya dawo jiki a sanyaye. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, har ya ce wa uwarsa wannan kunya ta Inna Delu ta cuce su.

"Kul, kada ka ƙara," in ji Hajara. "Mutunci ne." Tana jan carbi, can sai ta tsaya. "Akwai wani mai ga-ruwa da ke kawo mana ruwa ina yarinya. Kowa Inna na kiran sa da sunansa, mahauci, mai itace, har liman. Shi kaɗai ne take ce wa 'mai sunan mutumin'. In zai wuce ni take aikawa in kira shi."

"Da wane suna kike kiran sa, Iya?"

"Habibu."

Ashe sunan ya sha fita daga bakinta tun tana 'yar mitsitsiya, ba ta san na ubanta ba ne.

Da wannan suna da sunan ƙauyen, Mushe bai sha wahala ba. A cikin sojojin da suka rasu ya same shi: Habibu, mutumin Droum, ciwon ƙirji ya kama shi a cikin jirgi bayan sun bar Dakar, aka sa shi a teku. Ko ƙasar Faransa bai taka ba, balle ya ga Baturiya. Lokacin ma ba a haifi 'yarsa ba.

Suma'ila ya durƙusa gaban uwarsa ya faɗa mata. Tausayinta ya kama shi. Ita ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko an yi masa salla, ya ce bai sani ba, amma jirgin cike yake da Musulmi, da wuya su bar ɗan'uwansu haka. Ta gyaɗa kai, ta ce a kira liman, a sayo gero a yi gumba.

Washegari Suma'ila bai buɗe rumfa ba. Ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a ciki kuma Hajara ta yafa mayafi ta zauna zaman makoki. Maƙwabta suka riƙa shigowa a rikice, don ba su ji an fita da gawa ba. Wata tsohuwar ƙawarta ta dafa bango ta zauna kusa da ita.

"Hajara, ya haƙuri? Wa aka rasa?"

"Babana."

Matar ta dube ta, ta dubi furfurarta. "Yaushe?"

"Jiya labarin ya iso," in ji Hajara. "Yana hanya ne ajali ya tare shi. Da ba haka ba, da ya dawo."