Baba Lado Mai Jakai da Tafiyar Jahun

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Dutse, Baba Lado ya dawo daga masallaci, ya zuba wa jakunansa harawa, ya ɗauki tsintsiya ya shiga zaurensa da ke unguwar Takur. Zauren nan ba na hira ba ne. Duk baƙon da ya sa kai ciki sai ya tsaya cak ya ce, "Kai!" Ƙore masu zane ne jere a bango, ga faya-fayai ja da kore, ga wuyan tsohuwar riga da aikin allura, ga gutsuren saƙi, ga jakunkunan fata na dukawa, ga tulunan da aka yi wa ado tun daga baki har gindi. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓe ƙura, yana yi musu magana kamar jikokinsa.

Tun yana da ƙarfi sana'arsa ke nan, ɗaukar kayan mutane a kan jakai daga wannan kasuwa zuwa waccan. Duk mai sana'ar da ya yi wa dako, sai ya roƙe shi ɗan abu guda na aikin hannunsa, ko da mai tsaga ne ko wanda ya ƙi sayuwa. Haka zauren ya cika.

Ni baƙo ne a garin nan. Daga Kano aka turo ni koyarwa a makarantar elementare da aka buɗe, a lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu in sun ji an ambaci boko. Wata Alhamis na ga yaran makarantar allo ta Malam Sharhabilu suna tururuwa cikin wani zaure, sai na bi su. Na tarar Baba Lado ya ɗora wa wata yarinya ƙwarya a cinya.

"Safiyatu, rufe ido. Bi zanen da yatsa. Ina ya nufa?"

"Ya hau, ya sauko... Baba, ya zagayo inda na fara!"

"Yawwa! Wata Bafulatana ce ta yi shi da wuƙa mai zafi. Miƙa wa na kusa da ke."

Ranar na roƙe shi in riƙa kawo 'yan ajina, ya ce zauren ai na yara ne. Daga nan 'yan allo da 'yan boko suka soma zama a tabarma ɗaya, abin da ni da Malam Sharhabilu ba mu taɓa zaton za mu gani ba.

Kai ne, Baba, ka tare ni wata rana ka ce, "Malam, yaran nan sun ga kaya, amma ba su ga hannun da ya yi su ba. Mu kai su Jahun su ga marina."

Maganar ta tayar da gari. Tsofaffi ba su manta da maharan da ke kwasar yara a gona ba, ga kuma raɗe-raɗin cewa Nasara na tara yara su zuba a jirgin ƙasa a Ringim. Luba, mahaifiyar Safiyatu, ta zo har ƙofar zauren, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ita kaɗai Allah ya bar mini. Ba za ta fita garin nan ba."

Baba Lado ya ce, "Luba, kin san labarina. Ina yaro aka ɗauke ni daga gonar gero. Da Allah ya dawo da ni, da gemuna, kabarin uwata aka nuna mini. Ni ne zan raba wata uwa da 'yarta?"

Luba ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Na ba ka amana, Baba." Da sauran mata suka ji ta yarda, su ma suka saki nasu.

Wayyo, ina ma kun ga fitarmu! Ƙananan yara bibbiyu a kan jakai, manya a ƙasa, Dada matar Baba Lado tana tafe da 'yan mata, ga ƙullin dawon fura da ƙuli-ƙuli. Wasu ba su taɓa wuce gonar ubansu ba. Kome suka gani sai ihu.

A marinar Jahun kuwa abin ya wuce misali. Marini ya tsoma farin zane a rijiyar shuni, ya ɗago shi kore shar. Yara suka ce ai ya ɓata. Baba Lado ya ce, "Ku dai zuba ido." Iska na bugun zanen, sai ga shi yana juyewa shuɗi a gabansu. Sai tsalle, sai kururuwa! Ya roƙi marinan suka bar kowane yaro ya tsoma ɗan ƙyallensa da hannunsa. Daga nan muka wuce wurin mabuga, masu bugun rinannun kaya su yi sheƙi, yara na taka rawa da amon bugu, sannan wurin masaƙa, inda har aka zaunar da wasu suka jefa ƙoshiyar saƙa.

A hanyar dawowa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafin da muka tsallake da ƙafa a zuwa ya cika ya batse. Baba Lado ya tuɓe riga, ya shiga da sandarsa shi kaɗai, ruwa ya kai masa ƙirji yana neman kayar da shi. Ya fito yana haki ya ce, "Ba mai ƙetarewa. Gara a zage ni a gida da in rasa ɗan mutum."

Ya kai mu wata ruga da ya sani a kusa. Yaran da suka fara kukan gida, sai ya jera su gaban matan rugar da ke zanen ƙore. Kafin wani lokaci kuka ya koma gardamar wa ya fi iya jan layi.

A gida kuwa, kamar yadda Malam Sharhabilu ya ba ni labari daga baya, ranar da muka yi alkawarin dawowa ta wuce ba mu ba labarinmu. Wani ya ce an ga yara a tashar jirgi. Mata suka cika ƙofar gidan Malam Sharhabilu da kuka, maza suka fara shirin tafiya Ringim da sanduna, wasu na rantsuwa sai sun rushe makarantata. Luba kuwa ta fice daga gida. Ta je bakin hanyar Jahun ta zauna, ta ƙi ci ta ƙi sha.

Da ruwa ya ja, kai ne, Baba, da furfurarka, ka riƙa saɓa yara a wuya kana ƙetarewa da su ɗaya bayan ɗaya, ka ƙi hutawa sai da na ƙarshe ya taka tudu.

Da hantsi muka doso gari, yara na waƙa, kowa ya ɗaga hannuwansa sama. Luba ce ta fara hango mu. Ta taso a guje ta rungume 'yarta, sai ta ga hannuwan yarinyar shuɗi har gwiwar hannu.

"Innalillahi! Me suka yi miki?"

"Inna, shuni ne! Ni na rina miki da kaina!" Ta zaro ɗankwali daga ƙugu ta miƙa mata.

Luba ta ɗaura shi nan take, tana kuka tana dariya. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Mazan da suka fito da sanduna su ne suka karɓi igiyar jakai suka raka Baba Lado har gida.

Tun daga ranar ba a sake ɓoye mini yaro ba. An je wurin maginan tukwane, an je wurin dukawa, an je kallon zanen bangon gidajen da magina suka ƙawata. Cikin yaran tafiyar farko, yau akwai marini, akwai mai ɗinkin riguna, Safiyatu kuwa faya-fayanta har daga Garki ake zuwa nema.

Makon jiya gwiwoyinsa suka ce ya isa haka, Baba Lado ya miƙa wa ɗansa Ɗanmusa jakunansa a gaban jama'a. Shi ya sa na ɗauki alƙalami tun yana raye yana ji.

Baba, uban tafiya, mai riƙon amana, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu sana'a na ƙasar nan, maƙera da masaƙa da masassaƙa, gobe in kun ɗaga kai kuka ga yaro tsaye a bakin rumfa yana leƙe, kada ku daka masa tsawa. Ku matsa masa wuri, ku ce ya shigo ya zauna.