Wayar da ke Riƙe da Haƙorana

Na haura shekara talatin kafin na yarda aka sa mini ƙarfe a baki. Tun ina ƙarama haƙorana na sama suka turo waje, leɓena ba ya rufe su sai na matse. Da na samu aikin sakatariya a wani buro, wato ofis, inda duk mai shigowa ni zai fara gani, sai abin ya dawo mini sabo.

Likitar da na je wurinta baƙuwa ce, ba ƴar ƙasar nan ba. Ta manna ƙananan ƙarafa a kan haƙoran, ta haɗa su da siririyar waya. Ta ce idan aka tura haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa yakan narke ya ba shi hanya, wani kuma ya tsiro a bayansa ya cike gurbin.

"Shi ya sa ba a gaggawa, madam," in ji ta.

Lokaci lokaci nakan hau kabu-kabu daga unguwarmu Kirkissoye in tsallaka gada, ta ɗan ƙara matse wayar. Muna tsakiyar aiki wata rana na tarar da ƙofarta a kulle. Maigadi ya ce ta je ganin gida. Ba ta dawo ba. Wayar ta saki, bakinta ya riƙa sukar kumatuna, likitocin da na zagaya kuma kowa ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Maƙwabciyata, wata tela, ita ta kwatanta mini wani mutum a unguwar Lamorde wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin likitan haƙori. Ɗakinsa tsaf, hannunsa da sauƙi. Ya canza wayar da mai kauri, ya ɗaure tamau. Na yi kwanaki ko ruwan sanyi ba na iya sha.

"Ciwon nan alamar aiki ce, hajiya," ya ce da na koma. Ya ƙara matsewa.

Haƙoran kuwa suka koma ciki da sauri. Maigidana ma ya lura. A karon farko a rayuwata leɓena ya rufu da kansa, na daɗe ina kallon madubi. Sai wata safiya na gatsa burodi, na ji haƙori ɗaya ya yi gaba ya dawo. Na taɓa na kusa da shi, shi ma yana rawa. Dasashina ya fara ja da baya, asuwaki na fitowa da jini.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan, wani dattijo marar yawan magana, ya ɗaga hoton ya nuna mini da bakin biro. Saiwoyin sun gajarce, kawunansu sun dakushe. Inda ya kamata ƙashi ya kasance, duhu ne kawai. An tura su da ƙarfin da ya fi ƙarfinsu, ƙashin gaba ya narke, na baya bai samu sukunin tsirowa ba.

"Likita, ƙashin zai dawo?"

"A'a. Sai dai mu lallaɓa abin da ya saura."

"To a cire mini wayar mana."

Ya kaɗa kai. "Ita ke riƙe da su yanzu."

Ya sassauta ta, ya bar ta yadda ba za ta ƙara tura komai ba. Ban koma Lamorde ba, don ban san abin da zan ce wa mutumin ba.

Yanzu kilishi sai dai in ji ƙanshinsa a hanya. Burodi sai na jiƙa a shayi, nama kuma in yayyanka ƙanana in tura can gefe. Haƙori ɗaya ya fara yin toka-toka, likitan ya ce shi zai riga tafiya, sauran su bi baya, bai san yaushe ba.

Da damina mahaifiyata ta zo daga Damagaram. Idonta ya yi rauni, sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana dubawa.

"Sun jeru kuwa, ƴar nan. Yaushe za a cire ƙarfen?"

Na ce, "Da saura, Inna." Na tashi na ɗora mata ruwan alwala.