Ranar da Muka Tare Tarwada

Shekarar da na shiga aji uku, wata Laraba da hantsi, washegarin ruwan da ya fara cika koramar ƙauyenmu a ƙasar Kafur, na ɗauki fura zan kai wa mahaifina gona, sai na ga ruwa yana motsi kamar ana tafasa shi. Tarwada ce birjik, ta baro babban tafki tana hawa fadama ta zuba ƙwai. Ruwan bai kai gwiwa ba, ga baƙin bayansu a fili.

Kowa a garin ya san dokar Baba Audu masunci, wanda da tafkin nan yake ciyar da iyalinsa: ba a taɓa kifi mai hawa. Yakan ce, "Ku bar ta ta haihu, da rani mu ci mu duka." Na san haka sarai. Amma na dire furar, na kira abokaina, muka datse makwararar da laka da ƙaya, muka faɗa musu da kulki da fartanya. Muna fasa kai, ciki yana ɓarkewa, ƙwai yana malala bisa ƙafafunmu, ruwa ya koma ja. Waɗanda suka ƙi mutuwa kuwa, na sato ƙwaryar gishirin Inna na zazzaga musu. Suka yi ta tsalle suna murɗewa, yauƙin jikinsu yana fita fari fat, mu kuma muna ta shewa.

A haka Baba Audu ya iske mu. Ya damƙi hannuna yana cewa, "Ɗan Malam Sani, kai ma?" Na fizge, na kai masa kulki a gwiwa, tsoho ya faɗi cikin laka. Ran nan mahaifina ya karya tsumagiya uku a bayana, amma duka bai gyara komai ba. Da rani aka shiga tafkin yin su, aka fito kusan hannu wofi. Baba Audu ya koma sayar da itace yana ɗingishi.

Sai bara jikata da ke koyarwa a Funtua ta bayyana mini abin da gishirin ya yi. Ta ce kifin korama tattalin ɗan gishirin jininsa yake, in aka zuba masa a fata sai ya tsotse ruwan jikinsa, ƙishirwa ta kashe shi. Ta ce akwai ma wani kifi a ƙasashen sanyi da ke baro teku don ya haihu, yakan dakata a bakin kogi jikinsa ya saba da ruwan daɗi, ya ƙarasa tafiyar ba ci.

Yau injin ban-ruwa ya shanye koramar, tumatir ake nomawa a wurin, yaranmu kifin kwali kawai suka sani. Baba Audu kuwa ya rasu ina ta cewa gobe zan je neman gafara. Ban je ba.