Jar Takardar Da Na Cire

Ranar da ba ta fita raina ba tana cikin daminar shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, wato 1956. Ni masinja ne a ofishin hakimi a Kalgo, lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Da hantsi wani Bafillatani daga Diggi, Ardo Manu, ya zo ya ce cutar bushiya mai kashe shanu ta shiga garkensa, saniya biyu sun kwanta. Magatakarda ya rubuta wa babban malamin dabbobi, wanda ke rangadi a Gwandu da masu allura. Ya buga hatimi, ya kafa wata 'yar jar takarda a kusurwa da fil, ya ce, "Umaru, hau keke."

Kafin in kai Maruda ruwa ya sauko. Da na fake na duba jaka, sai na ga jar takardar ta jiƙe, tana zubar da jan launi a kan wasiƙar gwamnati. Na ji tsoro kada a ce na ɓata ta. Na cire fil ɗin a hankali, na jefar da jar, na sa wasiƙar cikin hulata.

A Gwandu akawun malamin, Malam Garba, ya karɓa, ya rubuta a littafi, na dangwala yatsa. Ga ƙa'idar da ban sani ba: tire biyu ne a teburinsa. Wasiƙa mai jar alama ta gaggawa ce, a ranar ake kai wa babba. Marar alama tana bin layi, akawu ba ya buɗe ta.

Bayan kwana tara Ardo ya dawo, idanunsa sun faɗa. Aka sake tura ni. Malam Garba ya tono wasiƙar, ya ɗaga ta wajen taga, ya ga hujin fil.

"Malam Umaru, mi aka cire nan?"

Na gaya masa. Sai ya ce:

"Ka tsare wagga takarda da kyau, ko ɗigon ruwa babu. Bakinta kawai ka cire."

Gaban babban malami bai tona ni ba. Cewa ya yi ba a taɓa zaunar da masinjoji an nuna musu alamomin ba, kuma gaskiya ne. Washegari masu allura suka sauka Diggi.

Ni na je da ƙafata na gaya wa Ardo abin da na yi. Ya ce, "Allah ya rubuta," ya ba ni nono. Na kasa sha.

Bayan kaka na shiga aji. Ku sababbin masinjoji, duk abin da aka kafa wa takarda, ku tambayi amfaninsa kafin ku hau keke.

Garken Ardo shanu talatin ne. Goma sha ɗaya suka mutu, da maruƙa huɗu, da bijimin da yake ji da shi.